An ce neman lissafin makarantar ikilisiya rashin bangaskiya ne. Na yi zunubi?

TAMBAYA: Malam, gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Ikilisiyarmu tana cikin ikilisiyoyin da suka haɗu suka mallaki wata sakandaren Lutheran, kuma bara aka zaɓe ni in wakilce mu a hukumar gudanarwarta. A babban taron shekara da ya wuce shugaban makaranta ya karanta rahoto mai daɗin ji: kusan duk yaran da suka zauna jarrabawar ƙarshe sun ci, an yi wa azuzuwa fenti, an sayi mota. Amma ni na san malamai huɗu sun bar aiki a cikin shekarar, albashi kuma yakan makara. Da na ɗaga hannu na tambaya ko wani na waje ya binciki asusun makarantar, sai wani dattijo ya ce mini aikin Allah ba a bin diddiginsa, wai ban yarda da bayin Allah ba. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Na yi zunubi ne? Ta yaya kuma zan gane ko makarantarmu tana ci gaba da gaske? Daga wata mai karatu.

AMSA: 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki. Ba ki yi zunubi ba, aikin da aka zaɓe ki dominsa kika yi. Da kin yi shiru a wannan zama, da a nan ne zan ce akwai abin da za ki nemi gafara a kansa, domin ikilisiyarku ta tura ki ne ki zama idonta da kunnenta.

Kin riga kin san yadda tsarin yake. Ikilisiyoyi su ne masu makaranta, su ke turo wakilai, wakilai su zaɓi hukuma, hukuma ta ɗauki shugaban makaranta, shi kuma ya tafiyar da aikin yau da kullum. Haka yawancin sakandaren Lutheran suke tafiya a wurare da yawa. A Amurka, alal misali, ikilisiyoyin yanki ɗaya sukan haɗa hannu su riƙe makaranta guda, domin ikilisiya ɗaya ba ta iya ɗaukar nauyin sakandare ita kaɗai, kuma a birnin Milwaukee tun 1903 aka buɗe irin wannan makaranta. Abin da nake so ki riƙe daga wannan tsari shi ne, iko yana sauka daga ikilisiyoyi zuwa ga shugaban makaranta, lissafi kuma yana hawa daga gare shi ya koma ga ikilisiyoyi. Duk inda aka toshe hanyar hawan nan, makaranta ta zama ta mutum ɗaya ko ta wasu 'yan kaɗan, ko da allon da ke bakin ƙofa yana ɗauke da sunan ikilisiya.

Yanzu bari in zauna a kan maganar dattijon nan, domin na gaji da jin ta. Shekara da shekaru ina zagaya makarantun ikilisiya, kuma da wuya in shiga zaman hukuma ban ji ta ba, ko da an sāke mata riga. Wani ya ce kada a taɓa shafaffe na Ubangiji. Wani ya ce mu 'yan'uwa ne, me ya kawo odita tsakaninmu? Wani ya ce ai fasto ne ke riƙe da kuɗin, ko kina zarginsa da sata? Ina girmama furfurar mai maganar, kuma na san galibi da zuciya ɗaya yake faɗa. Amma maganar ba daidai ba ce, ta kuma rufe makarantu fiye da yadda rashin kuɗi ya rufe su. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a ji ta a bakin ɗan Lutheran, alhali kuwa tarihinmu ya ƙaryata ta tun daga tushe.

A 1523, shekara shida kacal bayan Martin Luther ya fito da batutuwansa 95, mutanen wani ƙaramin gari a Jamus da ake kira Leisnig suka rubuta dokar asusun jama'a. Luther ya duba ta, ya yi mata gabatarwa, ya sa aka buga ta domin sauran garuruwa su yi koyi. Daga wannan asusu ake biyan fasto, ake biyan malamin makaranta, ake taimakon marayu da gajiyayyu, har an tanadi mace mai mutunci da za ta koyar da yara mata. To, ya aka yi da akwatin kuɗin? Kwado huɗu aka sa masa, kowanne da mabuɗinsa daban. Mabuɗi ɗaya yana hannun masu sarauta, ɗaya hannun majalisar gari, ɗaya hannun mutanen cikin gari, ɗaya hannun manoman ƙauye. Ba mai buɗe akwatin sai duka huɗun sun hallara. Mutum goma ake zaɓa kowace shekara su kula da shi: biyu daga masu sarauta, biyu daga majalisa, uku daga mutanen gari, uku daga manoma. Suna zama kowace Lahadi, suna rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, jama'a kuma suna taruwa sau uku a shekara, a ƙarshen shekara a ba da cikakken lissafi a gaban kowa. Ki lura, manomi da ƙila ko sunansa bai iya rubutawa ba, an ba shi mabuɗi daidai da na basarake. Shin Luther bai da bangaskiya ne da ya sa hannu a kan kwado huɗu?

Ba a nan aka tsaya ba. Daga 1527 aka fara aika masu duba ikilisiyoyi da makarantu a ƙasar Saksoni, suna shiga gari gari suna tambayar abin da ake koyarwa da yadda ake kashe dukiyar ikilisiya. Philip Melanchthon, wanda ake wa laƙabi da malamin Jamus, shi ya rubuta musu ƙa'idojin aiki da aka buga a 1528, har da tsarin raba yara rukuni uku bisa matakin karatunsu. Luther da kansa ya shiga wannan zagaye, kuma jahilcin da ya gani da idonsa, na jama'a da na wasu fastoci, shi ya tunzura shi ya rubuta Ƙaramin Katakizim a 1529. Littafin da yaranku suke haddacewa kafin tabbatarwa, daga bincike ya fito. Da an ce wa masu zagayen nan aikin Allah ba a bin diddiginsa, da ba mu da shi.

Dalilin kuwa yana cikin koyarwarmu. Mun ce mai bi barattacce ne kuma mai zunubi a lokaci guda. Ba mu ce ban da fasto ba, ba mu ce ban da ma'aji ba, ba mu ce ban da ni mai wannan rubutu ba. Wanda ya gaskata haka ba zai bar ɗan'uwansa shi kaɗai da kuɗin makarantar yara ɗari biyar, ba mai dubawa, shekara goma, sannan ya kira wannan ƙauna. Jefa shi ya yi cikin jaraba. Mun kuma ce Allah yana mulki ta hanya biyu, ta Bishara da ta tsarin zaman duniya. Gafarar zunubi kyauta ce, ba a neman rasit a kanta. Kuɗin makaranta da albashi da kwangilar gini suna ƙarƙashin tsarin zaman duniya, inda hankali da doka da rubutu suke aiki, kuma wannan ma na Allah ne.

Idan dattijon ya fi son Littafi Mai Tsarki a kan tarihi, to madalla. A 2 Korintiyawa sura 8, Bulus yana tara gudummawa domin 'yan'uwa na Urushalima. Manzo ne, wa zai tuhume shi? Duk da haka bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya aika Titus tare da wani ɗan'uwa da ikilisiyoyi suka zaɓa da kansu, ya kuma faɗi dalilinsa a aya 20 da 21: kada kowa ya sami abin zargi, domin yana so a yi abin da ke daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Na san ayar da masu wannan ra'ayi suke ɗaukowa, 2 Sarakuna 12:15, inda aka ce ba a nemi lissafi daga masu biyan ma'aikatan Haikali ba saboda amincinsu. Ina roƙonsu su karanta surar daga farko. An bar kuɗin gyaran Haikali a hannun firistoci, har shekara ta 23 ta sarautar Yowash ba a gyara kome ba. Sai da sarki ya kira su ya tambaye su. Sannan Yehoyada firist ya ɗauki akwati ya huda murfinsa, in ya cika kuma magatakardan sarki da babban firist su zo tare su ƙirga. Mutum biyu, daga ofis biyu. Amincin da aka yaba a aya 15 ya zo ne bayan an gyara tsarin da ya lalace.

Bari in gaya miki abin da na gani da idona a wata makaranta. Ma'ajinta dattijo ne, ya yi shekaru yana aikin ba ko sisi, har yakan sa nasa idan albashi ya gaza. Ba a taɓa bincikensa ba, domin kowa ya ce an san halinsa. Sai rana ɗaya jita-jita ta tashi cewa ya gina gida da kuɗin makaranta. Aka kira ni. Ya kawo mini kwali biyu cike da rasit, wasu sun ci ruwa, wasu gara ta taɓa, wasu an rubuta a bayan takardar jarrabawa. Na yi kwana uku a kansu. A zuciyata na tabbata mutumin nan bai ci ko kwabo ba, amma ban iya tabbatar wa kowa a rubuce ba, domin babu littafin da aka rufe aka sa wa hannu a ƙarshen ko da shekara ɗaya. Ya zauna a gabana, hularsa a gwiwa, hawaye na zuba, yana cewa, “Malam, da sun riƙa duba ni, da yau ina da abin nunawa.” Ya bar wannan ikilisiya. Waɗanda suka hana a duba shi don girmamawa, su suka bar shi tsirara ranar da bakin mutane ya juyo kansa. Ɓarawo yakan tsere wa bincike ta wata dabara, amma mai gaskiya ba shi da wata garkuwa sai binciken. Saboda haka idan shugaban makarantarku mutumin kirki ne, kuma ina fata haka ne, tambayarki alheri ce a gare shi.

Akwai kuma abin da ya fi kuɗi nauyi. Hukumar da ta saba da cewa ba a tambayar bayin Allah a kan rasit, ba za ta iya buɗe baki ba ranar da yarinya ta zo ta ce wani malami ya taɓa ta. Al'adar shiru ɗaya ce. Za a ce a rufa wa aikin Allah asiri, a mayar da malamin zuwa wata makaranta, a ce wa iyaye su yafe. Ki tambaya ko makarantarku tana da rubutacciyar ƙa'idar kare yara, da wanda yaro zai kai wa ƙara ban da shugaban makaranta, da kuma lokacin da dole a sanar da hukumomin ƙasa.

To, mu koma kan tambayarki ta biyu. Rahoton da aka karanta muku bai yi ƙarya ba, wataƙila, amma ya zaɓi abin da zai faɗa. Yawan waɗanda suka ci jarrabawar ƙarshe shi ne adadin da ya fi sauƙin yi wa kwalliya. Ga misali, na ƙirƙira shi don ki ga lissafin. A ce yara 120 suka shiga aji ɗaya. Da aka zo shekarar ƙarshe, 80 suka zauna jarrabawa da sunan makaranta, 78 suka ci. Rahoto zai ce kashi 97.5 cikin ɗari, a yi tafi. Amma 78 daga cikin 120 kashi 65 ne. Ina sauran 40? Wasu iyayensu sun ƙaura, wannan ba laifin kowa ba ne. Wasu kuɗi ya gagara. Wasu kuwa an lallaɓa iyayensu su cire su, ko an hana su rajista da sunan makaranta, don kada su ɓata adadi. Makarantar da ke ɗauke da sunan Kristi, idan tana korar raunana don ta yi kyau a takarda, ta bar tumaki 99 ɗin a gaba ta kuma tura ɗayan daji da hannunta. Ki nemi a bi aji guda tun daga shigarsa har fitarsa, a faɗi nawa suka shiga, nawa suka fita a hanya, da dalilin kowanne.

Kada kuma ki yarda da adadin shekara ɗaya tilo. Ki nemi na shekara biyar a jere a shafi guda: yawan ɗalibai, yawan masu neman shiga, yawan malaman da suka tafi, kuɗin da ake bin iyaye, da bashin da ake bin makaranta. Shekara ɗaya tana iya zama sa'a ko tsautsayi, biyar kuwa suna nuna inda aka dosa. Shi ya sa hukumar tantance makarantu ta majami'ar Lutheran ta Missouri a Amurka take ba da shaidarta na shekara biyar, makaranta ta fara auna kanta, baƙi su zo su duba, sannan kowace shekara ta ba da rahoton inda ta kai a kan gyaran da ta yi alkawari. Ko ba ku ƙarƙashin irin wannan hukuma, dabarar ta kowa ce. A farkon shekara a rubuta abu uku ko huɗu da ake so a cimma, a ƙarshenta a buɗe takardar a karanta ta da ƙarfi. Rahoton da bai taɓa komawa kan alkawarin bara ba, labari ne kawai.

Malamai huɗu da albashin da ke makara, su suka fi damuna a wasiƙarki. Ruwa ba ya tsami banza. Makarar albashi a makarantar da ta sayi mota tana sa ni tambaya uku. Da wane kuɗi aka sayi motar? Idan kyauta ce da wani ya bayar musamman don mota, shi ke nan. Idan daga kuɗin gudanarwa ne, wa ya amince, a wane zama? Na biyu, ana cin kuɗin zangon gaba tun yanzu? Makarantu da yawa suna karɓar kuɗin zango mai zuwa su biya albashin wanda ya wuce, kullum suna bin kansu bashi, har ranar da ɗalibai suka ragu kaɗan sai komai ya tsaya cak. Na uku, abin da ake cirewa daga albashin malamai na fansho da haraji, ana kai shi inda ya kamata? Wannan ramin ne ya fi ɓoyuwa, domin malami ba ya ganewa sai ya zo ajiye aiki. Sannan a samu mutum biyu daga hukuma su zauna da malaman da suka tafi, ba shugaban makaranta a wurin, su ji daga bakinsu.

Fenti kuwa, ki je ki gani. Na taɓa shiga ɗakin gwaje-gwajen kimiyya da aka yaba a rahoto, bango fes, tebura sababbi. Malamar ta murɗa mini famfo, ba ruwa. Ta buɗe kabad, kwalaben sinadarai duk wa'adinsu ya wuce. Ta ce yaranta a allo suke ganin gwaji. Ba wanda ya yi ƙarya a rahoton, an dai gyara ɗakin.

Sai dai in ja kunnenki a kan abu ɗaya, kada ki faɗa ɗaya ramin. Zama cikin hukuma bai ba ki ikon shiga aji ki gyara wa malami darasi ba, ko ki kira akawu a waya ki ce ya kawo miki littafi gida, ko ki nemi a ɗauki ɗan ƙanwarki aiki. Hukuma tana magana da murya ɗaya, a zaune, a rubuce. Ita ke faɗin inda za a je da iyakokin da ba za a ƙetare ba, shugaban makaranta kuma shi ke zaɓar hanya. Na ga makarantun da hukuma ta kashe da shisshigi kamar yadda na ga waɗanda ta kashe da barci. Kuma kada ki kai maganar nan dandalin sada zumunta ko ƙofar majami'a bayan sujada. Jita-jita ba ta taɓa gyara asusu ba, mutunci kawai take ci.

Ku kuma dattawa da fastoci masu karanta wannan, ina roƙonku saboda Allah. Matar da ta kawo kuɗin makarantar ɗanta a ƙulle a bakin zane, ta hana kanta abubuwa da yawa kafin ta tara shi. Tsohon da ya sa baikonsa ranar Lahadin makaranta bai da ɗa ko jika a cikinta. Malamin da ya yi wata biyu yana jiran albashi yana da iyali. Waɗannan ne masu kuɗin, ku wakilai ne, kuma 1 Korintiyawa 4:2 ta ce abin da ake nema ga wakili shi ne a same shi da aminci. A same shi. Ta yaya za a same shi idan kun hana a duba? Ku daina karanta rahoto a guje, a yi waƙa, a kawo shawarar amincewa tun kafin kowa ya buɗe shafi na biyu. Ku daina kunyata mace ko matashi da ya yi tambaya a taro. Ranar da makaranta ta rufe, yaran masu hali za su koma wata, na talakawa ne za su zauna a gida.

Ga abin da za ki yi, 'yar'uwa. Ki nemi kundin tsarin makarantar ki karanta sashen kuɗi, sau da yawa za ki tarar an riga an rubuta binciken shekara shekara a ciki, an dai daina bi ne. Ki je gidan dattijon nan kafin zama na gaba, ki gaishe shi da ladabi, ki ce masa, “Baba, ban zargi kowa ba, ina so ne mu kare sunan shugaban makaranta da na ikilisiya,” ki ba shi labarin akwatin Leisnig. Ki sami mutum ɗaya a hukuma da zai mara miki baya. Sannan ki rubuta wa sakatare takarda, ki roƙa a sa abu uku cikin ajandar zama mai zuwa: a ɗauki mai binciken kuɗi na waje wanda ba dangin kowa ba ne a hukuma, kuma hukuma zai kai wa rahoto kai tsaye, kowane fitar kuɗi ya zama da sa hannun mutum biyu, a kuma raba wa wakilai rahoton shekara mako biyu kafin babban taro. Idan aka ƙi, ki ce a rubuta a bayanin zaman cewa kin nema an ƙi, sannan ki kai wa majalisar ikilisiyar da ta turo ki kwafin takardar.